Fura abinci ce ko abin sha? Don Allah a raba mana gardama

Abban_Sadiq: Assalamu alaikum jama'ar gida. Don Allah ku raba ni da uwargida wata gardama da ta ƙi ci ta ƙi cinyewa tun jiya. Na fita kasuwa tun safe, wajen azahar na samu mai fura ta dama min da kindirmo mai kauri, na sha na ƙoshi har na ajiye ludayi da saura a ƙwarya. Da la'asar na dawo gida ta ce Abban Sadiq ka ci abinci? na ce eh na ci. Can da dare hira ta yi hira na ce ai fura na sha, sai ta ce ashe ba gaskiya na faɗa mata ba, wai fura ba abinci ba ce abin sha ce kamar zoɓo, ga shinkafa da wake ta rufe min a kula tun rana. Ni kuma na tsaya a kan duk abin da ya kashe yunwa abinci ne. To wa ya fi gaskiya tsakaninmu?

Maman_Ilham: Wa alaikumus salam. Malam ai da bakinka ka yanke wa kanka hukunci, ka ce "na sha na ƙoshi". Ka taɓa jin an ce na ci fura? Abin da ake sha abin sha ne, uwargida ta fi ka gaskiya.

Ɗan_Kurmi: Maman Ilham to rake fa? Shan rake ake cewa amma wlh ko ƙashin kaza ba a tauna shi yadda ake tauna rake. Kenan idan na je walima aka ce a kawo abin sha sai a shigo da dami guda na rake a raba wa mutane?

Maman_Ilham: Hhhh ai ruwan kake zuƙewa ka tofar da ɓawon, ba ka haɗiye komai mai nauyi ba. Rake ma yana bayana.

Basakkwace_Asali: Mu nan Sakkwato hura muka ce mata, kuma hura abinci ta, babu wata tantama. Tun muna ƙanana da ita munka tashi, a ƙauyenmu ba a ɗora tukunyar tuwo da rana sai dare, abincin rana dawo na, a dama a ba kowa. Mutum shi kwashe wuni guda shina huɗa cikin rana da hura ɗai cikin cikinai, kuma ku ce mani abin sha ta awa lemun kwalba? Ku ba manomi lemun kwalba ku gani in shina kai la'asar.

Malam_Nahawu: Bari in ɗan sa baki tunda Hausa nake koyarwa a sakandare. Kalmar "sha" ba za ta raba wannan gardama ba, domin Bahaushe ya ba ta aiki da yawa. Muna shan mangwaro, muna shan kankana da gwanda da lemo, amma muna cin ayaba da dabino da goro. Za ka ce to ƙa'idar ita ce abu mai ruwa-ruwa shi ake sha, ka yi gaskiya rabi, sai dai ga alawa busasshiya ana shan ta, ga ƙwayar magani ana shan ta, ga taba da hayaƙi ce kawai ana shan ta. Gurji yana da ruwa sosai amma cin sa ake yi. A kwano ɗaya ma za ka ci tuwo ka sha miya. Balle a zo ga shan iska da shan wahala da shan kaye, ko mutum ya ɓata rai a ce ya sha kunu alhali ko kofi bai taɓa ba. Wanda ya fi burge ni shi ne na azumi: a ce an sha ruwa, alhali an ci ƙosai an ci dankali da ƙwai an bi da tuwo. Saboda haka Maman Ilham, a yi haƙuri, hujjar nan ba ta tsaya da ƙafarta ba.

Maman_Ilham: Malam Nahawu na ji na karɓa, amma kai ma ba ka ce abinci ba ce, ka dai rushe min tawa ka tafi ba ka gina komai ba.

Malam_Nahawu: Ina nan ban tafi ba Hajiya, ina jiran a gama zubo hujjoji.

Bafulatanar_Rugga: Ni da nake dama ta kullum bari in faɗa muku. Fura ba iri ɗaya ba ce a ƙwarya. Akwai wanda zai zo ya ce a yi masa tsararo, ruwa ya fi yawa, ƙishi yake ji, wannan kam sha ya zo yi. Akwai wanda zai ce kar a dame ta duka a bar masa gaya yana taunawa, a zuba kindirmo ba tsala ba, har ludayi ya tsaya a ciki, wannan mutumin yunwa ce ta kawo shi kuma idan ya tashi ba zai nemi komai ba sai dare. Kuma ku tuna aikin da ke cikinta, a surfa gero a wanke a daka da citta da kanumfari da masoro da ɗan barkono, a cura a jefa a tafasasshen ruwa ta dahu, a kwashe a kirɓa a turmi, a sake curawa a barbaɗe da gari. Wane abin sha ne ake yi wa wannan hidimar? Abin da aka dafa aka kirɓa ai ɗan'uwan tuwo ne.

Kanuri_Yerwa: Bafulatana dole ki ce abinci ce tunda ku ba ku san ɗora tukunya ba, fura safe fura rana fura dare hhhh

Bafulatanar_Rugga: Kai bawana yi shiru manya na magana, nonon da kake sha wa ya tatso maka?

Uwar_Biyu: Ni tawa hujjar ta baƙo ce. A gidanmu idan baƙo ya sauka abin da ake fara kai masa ruwa ne da fura, ya jiƙa maƙoshi ya huta, sannan a shiga kicin a ɗora masa girki. Da fura abinci ce me ya sa ake sake ɗora tukunya? Ka je gidan surukai su ba ka fura kawai su sallame ka, wlh kana fita za ka ce ko abinci ba su ba ni ba. Ku faɗi gaskiya maza.

Ɗan_Kurmi: Anti wannan kam ta kama ni, ba ni da ta cewa.

Bagobirin_Maraɗi: Uwar Biyu wannan al'adar birni ce. Nan wajenmu a karkarar Maraɗi da Tawa da Damagaram gida nawa ne rana za ta fito ta faɗi ba a ci komai ba in ba hura ba sai tuwon dare? Mata tun asuba kake jin luguden taɓarya, saboda furar rana. Wani abin da zai ba ku mamaki, masu jin Faransanci a Nijar "bul" suke ce wa fura, wato curi, sun kalli dunƙulen ne ba ruwan ba.

Ɗan_Njamena: Ikon Allah, mu kuma a Chadi idan ka ce "bul" tuwo za a kawo maka da miyar kuɓewa. Kalma ɗaya, can fura nan tuwo. Ka ga ko Faransancin ma ya kasa raba su.

Basakkwace_Asali: Kun gani ko! Magana ta hito.

Nas_Mai_Dare: Ni ma'aikaciyar jinya ce, bari in kawo ta ɓangaren asibiti don wannan ba wasa ba ne a wajenmu. Idan za a yi wa mutum tiyata a sa masa maganin barci ana hana shi cin abinci, ƙa'idar da aka saba ita ce awa 6 ga abinci mara nauyi da madara, ruwa zalla kuma awa 2, saboda kar abin da ke ciki ya taso ya shiga huhu yana cikin barci. Sau da yawa za ka tambayi majinyaci ka ci wani abu? ya ce a'a ban ci komai ba, sai ka matsa ya ce ɗan kunu kawai na sha ko fura aka dama min. A wajenmu ya ci abinci, dole a ɗaga aikin, wani lokaci har sai washegari. Haka masu ciwon suga, mutum zai rantse ya bar tuwo da shinkafa amma kullum yana shan fura kofi biyu da sukari cokali uku yana mamakin me ya sa awonsa ba ya sauka. Gero ne fa, hatsi ne. Don Allah duk wanda likita ya ce kar ya ci komai ya sani har da fura da kunu da koko.

Abban_Sadiq: Allah ya saka da alheri Nas, wannan zan karanta wa uwargida da babbar murya.

Uwar_Biyu: Karanta mata tawa ma, kar ka zaɓi wadda ta yi maka daɗi.

Direban_Tifa: Tunda an buɗe wannan babin ni ma ina da tawa da ta daɗe tana damuna. Masa da waina abu ɗaya ne ko biyu? Na tsaya a Bauchi na ce a ba ni waina matar ta kalle ni ta ce masa dai.

Yar_Bauchi: Ai gaskiyarta, masa sunanta. Waina kalma ce mai faɗi, akwai wainar ƙwai akwai wainar fulawa akwai wainar rogo, duk abin da aka waina a mai waina ne. Amma ta shinkafa da aka jiƙa aka niƙa ta kwana ta tashi aka soya a tanda, a ci da miyar taushe ko ƙuli, wannan masa ce kuma mu ne masu ita.

Ɗan_Kurmi: Mu a Kano waina muke cewa kuma ba mu fasa jin daɗinta ba, an dai sauya wa tuwo suna ne kawai. To sinasir fa, masa ce da aka shimfiɗa ko wani abu ne daban?

Yar_Bauchi: Ƙullin kusan ɗaya ne amma sinasir gefe ɗaya ake soyawa a rufe, ba a juya shi. Abin da ba a juya ba ba a waina shi ba, ka ga ko a nan sunan waina ya faɗi.

Malam_Nahawu: Wannan ta burge ni Yar Bauchi, zan kai ta aji.

Ɗalibin_Noma: Irin wannan gardamar fa har kotu ta taɓa zuwa. A Amurka a 1893 sai da Kotun Ƙoli ta zauna a kan tumatir, ɗan itace ne ko kayan lambu, saboda dokar harajin shigo da kaya ta lokacin ta sa haraji a kan kayan lambu amma ban da 'ya'yan itace, 'yan kasuwa suka ce to tumatir ɗan itace ne a mayar musu da kuɗinsu. A ilimin tsirrai suna da gaskiya, duk abin da ya fito daga fure yana ɗauke da iri a cikinsa ɗa ne, har kuɓewa da tattasai da kabewa da yalo. Amma alƙalai suka ce su da yadda mutane ke magana da yadda suke ci za su yi aiki, tumatir cikin girki ake sa shi ba a ajiye shi a matsayin kayan marmari na bayan abinci, suka bar shi a kayan lambu. Kuma in ƙara muku, gyaɗa dangin wake ce, aya kuma saiwa ce irin su dankali ba ƙwaya ba.

Maman_Ilham: Su suka wahalar da kansu, Bahaushe tuni ya gama wannan shari'ar, ya ce kayan miya. Tumatir, tattasai, attaruhu, albasa, an wuce wajen. Wa zai kai wa mara lafiya ledar tumatir ya ce ga kayan marmari na kawo maka?

Ɗalibin_Noma: Hajiya ai abin da alƙalan suka ce kenan a taƙaice, al'adar mutane ita ce hujja. Shi ya sa nake ganin furar ma sai an tambayi wane gari ake.

Almajirin_Zaure: Salamu alaikum. Ɗalibin Noma ka taɓo wani abu da malamanmu na fiƙihu suka yi bayani a babin rantsuwa. Idan mutum ya rantse ba zai ci abinci ba yau sai ya sha fura, ba a fara da buɗe ƙamus, ana fara duba niyyarsa, me ya nufa, sannan abin da ya jawo rantsuwar, sannan yadda mutanen garinsa ke amfani da kalmar. Kenan Basakkwace da Uwar Biyu kowa na iya yin daidai a garinsa. Sannan akwai hadisin da Abu Dawuda da Tirmizi suka ruwaito, Manzon Allah (SAW) ya koyar da cewa wanda ya ci abinci ya roƙi Allah ya yi albarka a ciki ya ciyar da shi wanda ya fi shi, amma wanda ya sha nono ya roƙi albarka da ƙari daga gare shi, domin babu abin da ke tsayawa a matsayin ci da sha gaba ɗaya sai nono. To fura da nono kuwa rabinta nono ne. Shi kuma Abban Sadiq bai yi ƙarya ba tunda abin da ya nufa shi ne ba ya jin yunwa. Allah ne mafi sani.

Abban_Sadiq: Allah gafarta Malam, Allah ya ƙara ilimi, ka wanke ni.

Yar_Zangon_Kumasi: Gaisuwa daga Ghana. Mu nan koko shi ne karin kumallon gari guda, har waɗanda ba Hausawa ba "Hausa koko" suke ce masa, da ƙosai ko burodi, kuma ba wanda zai sha ya ce bai karya ba. Amma fura a nan an fi ɗaukar ta abin sanyaya rai da rana, a sa ƙanƙara da madara. Ni abin da nake so a raba min shi ne koko da kunu, kakata 'yar Katsina ce tana faɗa idan ka ce wa koko kunu.

Uwar_Biyu: Kakarki ta san abin da take yi. Koko daga gasara ake dama shi, geron da aka jiƙa aka niƙa aka tace ya kwanta ya yi ɗan tsami da kansa. Kunu kuma gida ne babba, kunun tsamiya da ruwan tsamiya ake ba shi tsami, kunun kanwa ga masu jego, kunun gyaɗa da shinkafa a ciki, har kunun zaƙi da ake sa wa a firij.

Ɗan_Kurmi: To kunun aya fa? Ba a dafa shi ba a dama shi ba hatsi a ciki, a niƙa aya da dabino da kwakwa a tace kawai. Wa ya ba shi sunan kunu? Ni a ganina shigo-shigo ya yi cikin dangi.

Kanuri_Yerwa: Kamar dambun nama kenan, ina ruwansa da dambu in ba don ya yi warawara ba

Direban_Tifa: Hhhh wlh kun tuna min, adaidaita sahu mota ce ko babur? Mun yi wannan musun a tasha har aka kira sallah ba a gama ba.

Ɗan_Kurmi: Babur mai ƙafa uku ake ce masa a rediyo, kan babur gare shi ba sitiyari ba. Amma da aka hana acaɓa ɗaukar fasinja a Kano a 2013 shi ba a hana shi ba, kenan hukuma ma ba ta lissafa shi cikin babura. Jemage ne, shi ba tsuntsu ba shi ba dabba ba.

Ɗalibin_Noma: Jemage dabba ne yaya, haihuwa yake yi yana shayarwa, gashi gare shi irin na ɓera ba fuka-fukan tsuntsu ba. Wannan ɗaya kam babu gardama a ciki.

Hajiya_Babba: 'Ya'yana kun tafi tasha kun tafi Amurka kun bar baiwar Allah da shinkafarta a kula. Ni na shekara 34 da aure, bari in faɗa wa Abban Sadiq abin da matarsa take nufi tunda ba wanda ya faɗa masa. Ita ba ƙamus take nema ba. Ta tsaya a gaban wuta ta tsince wake ta dafa ta soya mai ta daka yaji ta rufe maka, ka dawo ka ce ka ci abinci, a ranta ta ce to wataƙila wani abokinsa ya kai shi gidan abinci ko an yi walima, ta haƙura. Sai da dare ta ji ashe fura ce ta hana a buɗe kularta. Da ka ce mata na sha fura ta cika min ciki amma zubo min kaɗan in taɓa, da wannan zancen bai zo nan ba. Marigayi maigidana ko daga gidan biki ya dawo sai ya sa hannu a kwanona ko loma biyu ce. Amma in don ta ni ce, fura abinci ce, da ita aka yaye ni.

Maman_Ilham: Hajiya Allah ya ƙara girma, Allah ya jiƙan Alhaji. Kin faɗi abin da ke raina duka sai dai jimlar ƙarshe ce ban yarda ba.

Basakkwace_Asali: Jimlar ƙarshen ita ta magana Hajiya, Allah shi ja kwana.

Malam_Nahawu: Maman Ilham kin ce na rushe ban gina ba, ga nawa ginin. Ni a ganina ludayi ne alƙali. Abin da za ka kafa kai ka kwankwaɗa daga kofi ba tare da ka tauna komai ba, kamar zoɓo da kunun aya da farau-farau, abin sha ne. Abin da sai an sa ludayi ko cokali an ɗebo, kamar fura mai gaya da fate da kunun gyaɗa mai kauri, ya shiga sahun abinci ko da bakinmu yana cewa sha.

Bafulatanar_Rugga: Malam to ta roba da ake sayarwa yanzu a shaguna fa, wadda aka markaɗa a blanda da yogot ta yi sumul ba gaya ko ɗaya, a kafa kai a shanye? Geron ɗaya ne nonon ɗaya ne. Kenan injin ne ya fitar da ita daga abinci?

Malam_Nahawu: Kai, wannan sai na kwana a kanta.

Abban_Sadiq: Jama'a na gode ƙwarai. Na karanta mata duka har da ta Uwar Biyu da ta Hajiya Babba, na kuma ba ta haƙuri a kan shinkafar, da safe aka ɗumama muka ci tare. Amma a kan fura ba ta sauka ba, ta ce ita da Maman Ilham suna nan a kan bakansu, kuma wai in tambaye ku: idan fura abinci ce, ta dama min ita yau da dare a madadin tuwo na yarda?

Uwar_Biyu: Yauwa! Amsa mata muna ji.

Basakkwace_Asali: Ka ce ka yarda mana, amma a sa kindirmo da yawa kuma a bar maka gaya.

Direban_Tifa: Kafin ya amsa don Allah wani ya faɗa min ɗanwake, tuwo ne ko me? Jifa ake yi a ruwa kamar fura kafin a kirɓa, amma da mai da yaji ake ci.